Murmushin da Ya Maƙale a Hanya

Ya sanyin idaniyata, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyina bayan doguwar tafiya,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda kuka ya ƙare mata. Tun da ka ɗauke ƙafa nake zaune gaban keken ɗinki, in ɗinka in warware. Abinci ba ɗanɗano, fushi ma na nema na rasa.

Ka tuna yammacin da ka ajiye bas, ka zo shagonmu da warin man inji a rigarka, ka ce ka samo mana ɗakin da za mu zauna bayan aure, mai taga biyu? Wallahi a zuciyata tsalle nake yi! Amma ka tarar da fuskata kamar bangon siminti: ido ɗaya ya rufe rabi, leɓe ya ƙi motsi. Ka ce in ba na so, in faɗa maka kawai. Na buɗe baki, harshe ya yi min nauyi. Ka juya ka tafi. Ina laifinka?

Yayata ce ta ja ni asibiti, tana min tsiya wai na koyi kallon raini. Likita ta ce ba raini ba ne. Jijiya ce ke aika wa tsoka saƙo, tsokar kuma tana da 'yan ƙofofin karɓa. Ni kuwa garkuwar jikina ta ruɗe, ta bi ƙofofin tana toshewa. Ɗan aike ya iso, ya yi ta sallama, ba mai amsawa. Murmushin nan na aiko maka shi, masoyina, a hanya ya maƙale. Likitar ta ba ni magani, ta ce ciwon ba lallai ya rabu da ni ba, amma ana zama da shi. Da safe akwai ƙarfi, kafin la'asar ya ƙare.

Kai kuwa ba ka zuwa sai ka tashi daga aiki! Ashe duk watannin nan ragowata nake ba ka?

Ba zan ɓoye maka ba: za a yi ta yin yammacin da ba zan iya ɗaga ido in dube ka ba. In abin ya yi maka nauyi, ba zan riƙe ka ba. Amma kafin ka yanke hukunci, roƙi abokin aikinka ya riƙe maka bas ko na rana ɗaya, ka zo da hantsi, ka ga fuskar da nake so in ba ka.

Taka ce ni safe da yamma, ko fuskata ta nuna ko ta kasa,
Telarka