An Auna Lungunmu da Makara

Zuwa ga yayana Sabi'u, a duk tekun da jirginku yake,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ni ne ƙaninka Ɗahiru, baduku a kasuwar Kurmi. Wasiƙu biyu na aika ta adireshin Ikko da ka bar mana, duk shiru kamar an aiki bawa garinsu. Shi ya sa na ba da wannan a buga a jarida, ko Allah zai sa wani mai tsire ya naɗe maka nama da ita a wata tashar ruwa. Masu karatu su yi haƙuri, maganar gida ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka dai ji soja sun koma bariki, farar hula sun karɓi mulki. Ni ma na jefa ƙuri'ata. Da kekena na je, na bi layi cikin rana, na dangwala, na dawo ina nuna wa matata Rabi babban yatsana kamar yaron da aka sa wa lalle. Ba a yi wata uku ba sai ga ɗan kwangila a lungunmu na Koki da igiya da buhun farar ƙasa, wai za a yi mana lambatu. Kowa ya yi murna, har da ni, domin ka san abin da ruwa ke yi mana. Bara katangar maƙwabcinmu Baba Iliya ta zube, Allah ne ya tsare jikokinsa.

Ka san lungun. In ka tsaya a tsakiya ka buɗe hannuwa, kana taɓa bango biyu. A tsakiyar nan suka ja layi, suka fara haƙa daga can ƙarshe suna tahowa bakin titi. Ramin ya kai ƙugun mutum. Abin da suka bari hagu da dama bai wuce inda mutum ɗaya zai taka yana dafa bango ba. Kekena kuwa ƙafa uku gare shi, lungun gaba ɗaya yake ci.

Kullum suna cinye ƙofar gida ɗaya. Da farko sautin diga daga nesa nake jinsa, yanzu kuwa in suka sara sai ruwan randarmu ya motsa. Yau sun tashi a ƙofar Baba Iliya. Gobe tamu ce.

Kai ka fi kowa sanin abin da keken nan yake a wurina. Tun da shan inna ya kama ni ina ɗan shekara huɗu, bayanka ne abin hawana. Kai ka kai ni makarantar allo, kai ka kai ni rumfar Baba inda na koyi riƙe basilla, kai ka hau da ni dutsen Dala ranar da na nace sai na ga Kano daga sama, kana haki kana cewa, "Gurgu, ka fi mai ƙafa ban haushi." Marigayiya Inna takan ce wa baƙi, "Ƙafafun Ɗahiru suna nan lafiya, Sabi'u aka ba wa ajiya." Ranar da ba ka nan kuwa, da 'yan katakan nan biyu nake dafa ƙasa in ja jiki, gwiwoyina duk kanta.

Da za ka tafi Ikko, sati guda ka yi kana ɓacewa ba wanda ya san inda kake zuwa. Ashe kana wajen wani mai walda a Ƙofar Ɗan Agundi, ka tsaya a kansa har ya haɗa keken. Ka turo shi har zaure, ka ɗora ni, ka kama hannuwana ka sa a kan abin murzawa, ka ce, "Ga ajiyarka na mayar maka." Na yi fushi da tafiyarka, ban ɓoye maka ba. Amma shekara goma sha ɗaya ke nan ba wanda ya ɗauke ni. Da kaina na je neman auren Rabi, da kaina na raka Inna makwancinta, da kaina nake buɗe rumfa kowace safiya kafin masu ƙafa su iso.

Wasiƙarka ta ƙarshe tana cikin akwatin kayan aikina, har ta ɗauki warin fata. A ciki ka ce jirginku gari ne guda, yana ɗaukar Turawa masu yawon buɗe ido daga wannan tsibiri zuwa wancan, kuma aikinka tura kujerun waɗanda ba sa iya tafiya. Na yi dariya har Rabi ta leƙo. Na ce mata ai Yaya bai canza sana'a ba, gurgun kawai ya canza.

Wuri ɗaya a wasiƙar ne ban yi dariya ba. Ka ce akwai tsibiran da babban jirgi ba ya iya matsawa bakinsu, sai a sauke mutane cikin ƙananan kwale-kwale, masu kujera kuwa a ba su haƙuri a ce su zauna. Ka ba ni labarin wani dattijo da ya yi ado tun da safe, ya rataya abin ɗaukar hoto, ka turo shi har bakin matakala, aka ce yau igiyar ruwa ta yi yawa. Ka kai shi jikin taga. Ya yini yana kallon tsibirin, da tsohuwar ganuwarsa, da mutane suna hawa suna sauka, har rana ta faɗi jirgi ya yi kuka, kuka tashi. Ka ce bai yi faɗa ba, bai kuma ɗauki hoto ko ɗaya ba. A lokacin tausayinsa na ji, irin tausayin wanda ke ganin abin ba zai taɓa zuwa kansa ba.

Mu ma muna ganin irinsu a Kurmi jefi-jefi. Akwai wata tsohuwar Baturiya da aka kawo a kujera, aka tsaya da ita a bakin kasuwa domin layukan ba sa shiguwa, ga tudu ga kwata. Abokan tafiyarta suka shige suka bar ta da direba. Da labari ya iso ni sai na loda tumtum biyu da jakunkuna a bayan keke, na bi hanyar da na sani ta bayan 'yan tabarmi na fito mata. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Ta shafa ƙarfen kekena, ta murza abin murzawar, ta ɗaga min babban yatsa. Ran nan na koma rumfa ina jin kaina wani sarki, domin ni na shiga inda kujerarta mai sheƙi ta kasa.

To, Yaya, ba zama na yi na naɗe hannu ba. Na samu shugaban leburori na tambaye shi ko za a rufe lambatun da murfin siminti. Ya ce murfi ba ya cikin takarda, sai kashi na biyu. Na ce yaushe ne kashi na biyu? Ya kalli sama. Kai ma ka san irin wannan kallon.

Daga nan na kai kuka wajen dattawan lungu. Sun saurare ni, ba zan yi musu ƙarya ba. Malam Tanko ladan, wanda ya yi mana kiran salla a kunne ni da kai, ya ce tun kaka da kakanni ma'aunin lungu ɗaya ne a birnin nan: in makara ta wuce, hanya ta yi, in ba ta wuce ba, a rushe abin da ya tare ta ko na wane ne. Ya ce ba za a yanke hukunci da ka ba, sai an gwada.

Shekaranjiya bayan la'asar suka ɗauko makarar masallaci. Mutum huɗu, biyu a wannan gefe biyu a wancan, ramin yana tsakaninsu, suka taho da ita daga ƙarshen lungu. Ba kowa a cikinta. Mata suka daina daka, aka janye yara cikin gida, ba ka jin komai sai takun mutum huɗun nan da ƙarar karan makarar in ta gogi bango. Ina zaune a ƙofar zaure a kan kekena. Ta zo ta wuce ta daidai saman kaina, har na ga hasken rana ta tsakanin karanta. Wallahi, Yaya, tsigar jikina ta tashi, kuma har yanzu ba ta kwanta ba.

Suka kai bakin titi suka sauke. Malam Tanko ya ce, "Alhamdu lillahi, ta wuce, ba a tauye haƙƙin kowa ba." Aka shafa fatiha.

Ba mugunta suka yi ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Da mugunta ce da na san da wanda zan yi faɗa. Bayan an watse sun zo ɗaya bayan ɗaya suna dafa kafaɗata, kowa yana cewa kada in damu, ai ga su, za su riƙa ɗaukata safe da yamma. Na yi godiya. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Za su ɗauke ni ranar farko da ta biyu. Ran da aka tashi da ruwa, kowa na ta kansa, zan zauna a zaure in jira wani ya tuna. Kuma ta yaya mutum zai goya ƙato kamata a kan wannan siririyar gaɓa, ga santsi, ga rami cike da ruwa yana gudu? Rabi ta ce ita za ta gwada. Na ce mata ko da wasa kada ta ƙara faɗa, ga ciki wata bakwai.

Kwana biyu ina juya abin. In keken ya kwana a cikin gida yau, gobe ya zama kayan ɗaki, ni kuma na zama dattijonka na jikin taga, ina jiyo hayaniyar Kurmi ba na ganinta. In na fitar da shi, to tsakanina da shi akwai ƙofar gida shida, kuma ba mai kai ni sai hannuwana.

Na zaɓa. In na gama rubutun nan zan murza shi zuwa bakin titi in ɗaure shi da sarƙa a jikin dalbejiyar masallaci, in dawo da jan jiki tun ƙasar ƙofarmu tana nan. Ɗazu na buɗe tsohuwar adakar Inna ina neman tsumma, sai ga katakan nan biyu a naɗe cikin zanenta. Na ɗauka ta jefar da su tun ranar da ka kawo keken. Ban san abin da ta hango ba. Na zauna na ɗinka wa gwiwoyina matashi da jar fata mai kyau, irin wadda nake ɓoye wa manyan baƙi, har basilla ta soke ni, abin da rabona da shi tun ina koyo.

Ina jin tsoro, Yaya. Ban taɓa faɗa maka haka ba ko a kan Dala. Ina tsoron gaɓar nan in ta jiƙe, ina tsoron ɗana ya buɗe ido ya fara ganin ubansa a ƙasa. Yau kwana uku hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa, kowace rana ya fi na jiya duhu. Yanzu haka iska ta fara kaɗa labulen zaure.

Ban ce ka bar aikinka ba. Na san kai ma ba daɗi ne ya kai ka ba. Roƙona ɗaya ne: in ka sake tura wani har bakin matakala aka ce ya tsaya, kada ka ce masa kada ya damu. Ka zauna kusa da shi, ka bar shi ya damu. In kuma Allah ya sa jirginku ya matso Ikko, ka zo ka ga ɗan da za a haifa, ka ga ajiyar da ka mayar mini a ɗaure a gindin bishiya. Ina kewarka ƙwarai, ba don bayanka ba.

Allah ya tsare ka a kan ruwa, ya tsare mu a bakinsa. Allah ya jiƙan Inna da Baba, ya sauki Rabi lafiya. Allah ya ba hannuwana ƙarfi, ya sa in daɗe ina fita lungun nan a kansu kafin in fita a kafaɗun mutane. In kuwa ka yi jinkiri har wani labari ya riga ka, kada ka tsaya tunanin yadda aka fitar da ni. Wannan kam an riga an gwada, ta wuce.

Ƙaninka mai ban haushi,
Ɗahiru baduku