Kifin da ban mayar ruwa ba

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Inna? Yaya mai ɗakinka da yara? Ni lafiya lau, sai dai sanyi.

Ka san aikina a shagon bakin tafki, ina zaɓa wa masu kamun kifi don nishaɗi fatsa da koton roba. Dokar wurin, in ka kama, ka ɗauki hoto ka mayar ruwa. Rannan wani ya saki ƙaton kifi da ya haɗiye ƙugiya, ga kifin yana yawo a kan ruwa ciki sama. Na tuna Baba bai taɓa barin abinci ya ruɓe ba, na tsamo shi na dafa. Mai shago ya ji labari. "Malam, ajiye makulli," ya ce. Yau kwana tara ina zaune ba aiki. Don Allah kada Inna ta ji.

Ga ƙugiya shida da koto biyu na aiko. In ruwa ya gurɓace, sa mai ƙyalli, kuma ban da garaje wajen ja. Abin da ka kama, kai wa Inna, ku cinye har kai.

Allah ya yi maka albarka.

Yayanka