Abin da Kububuwa Ke Kallo

Elko, 8 ga Satumba

Uwargidana Lorna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya jikin Yaya Wilma? Ƙafar ta fara ɗaukarta, ko har yanzu sai da sanda? Ki yi mata sannu, ki ce kada ta riƙe min mata fiye da kwanakin da likita ya yanka. Gida lafiya lau. Ina ba tumatirinki ruwa kullum, biyu sun mutu duk da haka, kuma ba hannuna a ciki.

Wani abu ya faru ranar Asabar a filin harbi, na rasa wanda zan gaya wa. Na doke Royce Etcheverry.

Na san za ki sake karanta layin nan. Ni ma da aka kira sunana sai da na waiga. Shekara goma sha ɗaya ina sa malafa da takalmin kaboyi ina tsayawa kusa da mutumin nan, ban taɓa cin sa ba. Sunan wasana Guguwa, amma tun ranar da ya kira ni Kunkuru ba wanda ya sake tuna wancan. Shi kuwa Kububuwa, sunan ya bi jiki.

Kin sha zama a rana kina kallonmu, kin san tsarin. Mu biyu kafaɗa da kafaɗa, kowa da faifansa na ƙarfe taku bakwai a gaba, hannu a kan bindiga cikin kube. Fitilar tsakiyar faifai na kamawa, ka zaro ka harba. Wanda harsashinsa na kakin kyandir ya riga samun faifai har sau uku, shi ya ci. To, da alƙali ya ce mu shirya, sai na ji ana kallona. Na saci ido. Royce ya juyo da fuskarsa wajena gaba ɗaya, ba faifai yake kallo ba, kunnena yake kallo. Fitila ta kama, ya riga ni zarowa kamar kullum, amma harsashin ya wuce ta gefe. Nawa ya samu. Haka aka yi sau uku, Lorna. Mutumin da ke iya harbe ƙuda a kan shinge.

Jama'a suka yi ta dukan bayana. Shi ko cewa ya yi, "Kunkuru, yau ka ci waken kirki ke nan," ya wuce.

Ki gaya min tsakaninki da Allah: kin faɗa wa wani maganar ƙwayoyin zuciyar da nake sha? Don in tausayina ya ji ya ɗaga min ƙafa, gara ya mare ni a gaban mutane. Kwana biyu ina juya abin, na kasa gane ko murna zan yi ko fushi.

Mijinki,
Merle


Elko, 16 ga Satumba

Lorna tawa,

Na samu takardarki, na gode, na kuma karɓi faɗan. Na yarda ba ki faɗa wa kowa ba. Na ji daɗi da Yaya Wilma ta taka har bakin ƙofa. Allah ya ƙara sauƙi.

Amma kin ƙara rikita ni, don in ba tausayi ba ne, to mene ne? Ranar Laraba na gamu da shi a shagon abincin dabbobi. Na ɗaga masa malafa, ya wuce ni kamar turken shinge. Raina ya ɓaci, na ce, "Royce, don an ci ka sau ɗaya sai gaba?" Ya tsaya cak, ya karkata kai, ya ce, "Au, Kunkuru, kai ne? Zo ka yi amfani. Na bar tabarau a gida, karanta min abin da aka rubuta a kwalbar maganin maruƙan nan." Tabarau kuwa ga shi a aljihun rigarsa, ina gani. Na karanta masa. Ko na gode bai ce ba.

Jiya kuma sai ga waya. Wai in zan je gasar Ely ƙarshen mako in biya in ɗauke shi, a-kori-kurarsa ta lalace. Na ce shekara talatin ina kwance injin mota, bari in zo in duba. Ya ce kada in taɓa masa mota. Mutumin da bai taɓa shiga motata ba, wanda ya taɓa cewa tuƙina ya fi zarowata sanyi!

Na amsa masa, ban san dalili ba. Awa uku a hanya da Royce, me za mu ce wa juna? Tun rasuwar matarsa ban ji ya yi magana ta wuce jimla uku ba, biyu a ciki kuma zagi ne.

Ina kika ajiye rigata mai aljihu biyu, shuɗiyar nan?

Naki,
Merle


Ely, Juma'a da yamma

Lorna,

Ki gafarce ni, gaisuwa a taƙaice. Ina fatan ku duka kuna lafiya. Ina masauki, Royce yana ɗakin da ke kusa, ba ma magana.

Da na je ɗaukarsa da safe, yana ciki yana haɗa kaya, na leƙa motarsa. Ciyawa ta fito a ƙarƙashinta har ta kai gatarin taya. Makulli na jiki. Kin san halina, na murɗa. Bugu ɗaya ta tashi, lafiyarta ƙalau. Ya fito da jaka a hannu, ya ji ƙarar, ya wuce ya shiga motata. Na kashe tasa, na bi shi.

Sai da muka wuce garin Wells ya buɗe baki. Ya ce, "Merle, idan na kalle ka, ba ka da fuska." Na ce ai ya daɗe yana faɗin haka. Ya ce in rufe baki in saurara. Wai tsakiyar ganinsa ce ta mutu, ido biyu, kusan shekara biyu ke nan tana cinyewa. Duk abin da ya kalla kai tsaye sai ya zama baƙin tabo, gefe-gefe kawai yake gani. Shi ya sa yake juyo da fuska wajena a fili: da wutsiyar ido yake kama fitila, sauran kuma hannu ne ya haddace. Ba kunnena yake kallo ba, Lorna. Ni da na kwana biyu ina fushi da makaho.

Na ce ɗiyarsa ta sani? Ya ce in ta sani, kafin Kirsimeti za ta sayar da shanu ta kai shi Reno gidan tsofaffi. Ya ce gasar nan kaɗai ta rage masa inda ake kiran sunansa mutane su yi shiru. Abin da yake so, in riƙa tafiya gabansa da taku ɗaya, in karanta masa jerin suna a hankali, in kuma ja bakina.

Sai haɗarin abin ya faɗo min a rai. Kin san harsashin na kaki ne, amma kin ga abin da ya yi wa cinyar abokin wasanmu Dale bara, har yanzu yana ɗingishi in an yi sanyi. Alƙalai na zaune dab da mu, mata da jikoki a bayan igiya. Na ce, "Royce, zan kai ka ko'ina, amma ba zan tsaya ina kallo ka loda bindiga a cikin mutane ba tare da sun sani ba. Ko ka faɗa gobe, ko ni in faɗa."

Ya ce, "Sau ɗaya ka ci ni a rayuwarka, shi ne kake so ka kulle ƙofa ka tafi da makullin."

Wannan magana ta shige ni. Don wallahi na duba zuciyata, na kasa rantsewa cewa babu ko ɗigon haka a ciki. Daidai na yi? Da kina nan da kin gaya min cikin kalma biyu. Takardar nan ba za ta iso ki ba sai komai ya wuce, amma dai na rubuta.

Merle


Elko, 24 ga Satumba

Masoyiyata Lorna,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Yaya Wilma, ga yadda aka ƙare.

Asabar da safe aka tara mu don jawabin kiyaye haɗari, mu kusan sittin. Na tsaya ina shirya abin da zan ce. Shugabar gasar ta tambaya ko akwai mai magana. Na buɗe baki, sai na ji Royce a bayana: "Akwai." Ya cire malafa, ya faɗa musu duka, ba kwana-kwana. Ya ƙara da cewa, "Kunkuru ne ya tilasta ni, don haka in kun ga ban gaishe shi ba, wannan karon da gangan ne."

Ba wanda ya yi dariya sai Dale, shi ma ya haɗiye.

Alƙalai suka keɓe suka daɗe. Suka dawo suka ce ba zai shiga gasa ba. Amma kafin a buɗe, za a mayar da kowa baya, a ba shi karo ɗaya na sallama, alƙali biyu a kafaɗarsa, a riƙa ba shi harsashi ɗaya-ɗaya. Ya zaɓi abokin karo. Kin san wanda ya zaɓa.

Muna tsaye ya ce min ƙasa-ƙasa, "In ka ɗaga min ƙafa zan ji a ƙarar kubenka, kuma zan faɗa wa Lorna." Ni kuwa ban san me nake so ba. In na ci, na ci makaho. In na bari, na raina shi. Sai fitila ta kama, hannuna ya yanke wa kansa hukunci. Ban taɓa zarowa haka ba, agogo ya nuna ƙasa da rabin daƙiƙa sosai, har alƙali ya sake dubawa. Na ci na farko. Ya ci na biyu. Na uku ya kuskure, na ci. Na huɗu ya ci. Na biyar muka samu tare, ƙarar ma ɗaya ce a kunnena. Aka duba agogo. Ya riga ni da abin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Lorna, makaho ya doke ni a ranar da na fi kowace rana iyawa, kuma ni ne na fi kowa ihu. Ki fassara min wannan in kin iya.

Ya kwance ɗamararsa da bindigar, ya miƙa wa shugabar, ya ce ta ba duk wanda ya fara wasan bana. Gasar kuwa an fitar da ni tun zagaye na uku, kamar kullum. Ya zauna a bayan igiya yini guda yana gane harbin kowa da kunne, yana zagin nawa.

Ɗiyarsa ya kira ta da kansa daga masauki. Na ji muryarta ta bango. Za ta zo ranar Alhamis, ban san yadda za su ƙare ba, shi ma bai sani ba. Na ce zan riƙa kai shi asibitin ido. Ya ce da tuƙina kafin mu isa ya gama makancewa.

A hanyar dawowa muka biyo ta gindin duwatsun Ruby da la'asar. Ya juya fuska wajen taga, ya karkata, ya sake karkatawa. Can ya ce, "Dusar ƙanƙara ta sauka a kansu?" Na ce ta sauka. Ya ce, "To yaya suke?" Na ce suna nan dai, duwatsu. Ya ce, "Kai dai Allah ya sawwaƙe maka." Yana jira in ƙara. Na rage gudu na duba sosai. Shekara sittin da bakwai ina ganin duwatsun nan, na rasa kalma ko ɗaya. Na ce fari a sama, ja-ja a ƙasa. Ya ce, "Ci gaba." Ba ni da ci gaba.

Ke kika iya irin wannan. Ranar Talata mai zuwa za mu sake fita, kuma na san zai tambaya. Ki zauna ki rubuto min yadda suke da kaka, da safe da kuma yamma, har da bishiyoyin kwarin nan masu rawaya. Ki yi manyan baƙi don in iya karantawa a bakin hanya. Kada ki sa kalmomi masu daɗi da yawa, zai gane ba nawa ba ne.

Ki dawo da wuri.

Mijinki mai kewarki,
Merle