Ɗaya Ne, Ba Biyu Ba

Talata, 5 ga Yuni, 2018

'Yata Devora ta sauka lafiya. Namiji! Ƙarfe goma da kwata na safe, da gashi baƙi wuluk. Shekara sittin rabon da a haifi namiji a tsatson mahaifiyata. Ni kam, Devora kaɗai na haifa, yayata Faigie mata uku, jikokinta ma duk mata.

Na tsaya a barandar asibiti ina ƙirga kwana da yatsa. Yau ɗaya. Talata mai zuwa takwas, ranar kaciya ke nan a wurinmu Yahudawa, ranar da za a raɗa masa sunan mijina marigayi, Morris. Ban hau bas ba sai da na yi odar kyafaffen kifi na mutum arba'in.

Curtis, mijin Devora, ya rungume ni yana kuka. Yaron kirki ne, malamin makaranta, amma ba namu ba ne. Shekara shida yana kirana Gitel gatsal, sai ka ce tare aka yaye mu.

Laraba, 6 ga Yuni

Na sani. Tun ranar aurensu na san za a zo nan.

Ina zuba wa Devora romon kaza Curtis ya ce, "Gitel, ni fa ba na so a yanka shi." Har da takardu ya zaro daga jaka, ya ja layi da jan biro kamar mai duba jarrabawa. Wai likitocin ƙasar nan ba su ce a yi wa kowane yaro ba. Wai naman da ba ya ciwo ba a yanke shi. Wai jikin yaro ne, a bari ya girma ya zaɓa.

Na ce allurar da aka soka masa jiya, ka nemi izininsa? Yaren da za ka sa masa a baki fa? Kuma wasu likitocin sun ce tana kare cututtuka, ka ja wa wannan layi? Ya ce amfanin kaɗan ne, kuma yare ana koyon wani, amma abin da aka yanke ba ya komawa. Na ce mu ba don likita muke yi ba, alkawari ne tun daga kakanmu Ibrahim. An ƙona mu, an kore mu daga ƙasa zuwa ƙasa ba mu bari ba, sai a Winnipeg, don wani malamin aji huɗu?

Wannan ta ƙarshe bai kamata in faɗa ba. Devora ta ce, "Don Allah ku fita min daga ɗaki, ku duka biyun."

Alhamis, 7 ga Yuni

Na goge kicin sau biyu. Na fita, na dawo, na sake fita. Ban san me na je saye ba.

Juma'a, 8 ga Yuni

Curtis ya sakko. Ba don ni ba, don Devora ta yi kuka ta ce tana so ɗanta ya zama irin babanta. Sharaɗinsa ɗaya: wanzamin ya zama likita. To ai Dokta Fishbein likitan yara ne, kuma rabin mazan majami'armu ta hannunsa suka bi.

Ya zo gidansu da rana. Ya duba yaron, ya leƙa idonsa, ya ce ba ciwon shawara. Sai ya ɗauko takarda yana tambaya yana cikewa. "A danginku akwai wanda jininsa ke wuyar tsayawa? Wanda aka cire wa haƙori ya yi ta zuba? Jariri namiji da ya rasu? Ta ɓangaren uwa nake nufi, ta mata abin ke bi." Devora ta juyo. "Mama, akwai?"

Na ce babu.

Ai ba ƙarya ba ce. Zazzaɓi ne ya kashe Hershel. Haka Mama ta ce, haka muka faɗa wa kowa.

Rana ta kusa faɗuwa, bari in kunna kyandir na tarbar Asabar, ranar hutunmu. Ashana ta uku ke nan tana karyewa a hannuna.

Lahadi, 10 ga Yuni

Jiya Asabar, ba rubutu, ba waya, ba aiki. Yini guda ni da kaina, ban taɓa ganin Asabar mai tsawo haka ba.

To, tunda ba mai karanta wannan sai ni. Hershel ƙanena ne. Ina shekara bakwai aka haife shi, a gidanmu na haya a arewacin gari, saman shagon mai gyaran takalma. Ranar kaciyarsa an sa mini riga mai ruwan ɗorawa. An yi waƙa, an ci, baƙi sun watse. Da la'asar Mama ta buɗe zanen goyonsa ta ƙwalla ƙara. Na tuna tawul. Faigie na miƙo fari, ana mayar mata da ja, tana jefawa a bahon wanka. Har tawul ɗin kicin. Baba ya fita da shi a guje ko hula babu. Kwana biyu, ya dawo hannu biyu, ba yaro.

Bayan zaman makoki Mama ta zaunar da mu a bakin gado. Ta ce, "Zazzaɓi ne. Kun ji ni? Duk wadda ta ce jini, ba mai auren 'yan gidan nan." Ko Morris, shekara talatin da takwas muna ɗaki ɗaya, zazzaɓi ya sani.

Amma ni ba jahila ba ce. Na san shari'armu. Malamai sun ce idan yara biyu suka mutu a kaciya, ba a taɓa na uku. Biyu suka ce. Namu ɗaya ne. Ƙila ma wanzamin ne ya zarce da wuƙa, tsoho ne, ido ya yi rauni. Ɗaya ne, ba biyu ba. Tun safe nake maimaitawa, ina wanke kwanon da ban ci komai a ciki ba.

Litinin, 11 ga Yuni

Na kira Faigie a Toronto, wai don in ji ko ƙafarta za ta bar ta ta zo. Ba za ta bar ta ba. Muka yi ta zagaye, farashin kifi, surukinta mai rowa. Can na ce, "Kin tuna Hershel?"

Sai ta ce, "An tambaye ki, ko? Me kika ce?" Na faɗa mata. Ta ce, "Ke Gitel, tun kina ƙarama bakinki ke riga kanki fita." Na ce ai ɗaya ne. Ta ce, "Wa ya ce miki ɗaya? Inna Bluma, yayar Mama, ɗanta na fari fa? A ƙasar da iyayenmu suka baro, kafin yaƙin duniya. Shi ma kwana takwas. Na ji Mama na faɗa wa Baba ranar da aka binne Hershel, ina ƙarƙashin tebur."

Na ce shekara sittin kina zaune a kan wannan? Ta ce, "Ni mata na haifa, wa zan faɗa wa? Ke ce mai jika namiji. Ki ajiye wayar nan ki kira 'yarki."

Ban kira ba.

Na ɗauki biro na yi lissafi. Ƙila ban gada daga Mama ba. Ko na gada, ƙila Devora ba ta ɗauka ba. Ko ta ɗauka, ƙila ya tsallake yaron. Kuma yanzu ba da ba ce, likita ne zai yi, asibiti minti goma.

Gaskiyar ita ce idan na buɗe baki, Curtis ya samu abin da yake so. Za a ɗaga, daga ɗagawa sai fasawa, jikan Morris ya zama na farko a zuriyarmu da ba a shigar da shi alkawari ba. Kuma Devora za ta san na kalli tsabar idonta na ce babu. Wannan ta fi ba ni tsoro, Allah ya gani.

Kifi ya iso. Firij ya ƙi rufuwa.

Talata, 12 ga Yuni

Ban san ta ina zan fara ba.

Falon Devora cike, har kan matakala. Iyayen Curtis sun taso daga ƙauyensu tun da asuba, babansa ya ɗora 'yar hularmu a ka tana zamewa yana tarewa. Dokta Fishbein ya jera kayansa a kan farin ƙyalle. Ni aka ba girman in shigo da yaron a kan matashi daga ɗakin uwarsa, in miƙa wa maza.

Taku goma sha biyu ne daga ɗakin zuwa falo. Yana barci, bakinsa na motsi. A ƙofa aka fara waƙar maraba. Na hango tebur, na ga likita ya ajiye ƙananan tawul a ninke, farare, uku ko huɗu. Na tsaya cak.

Wani ya miƙo hannu. Ban sakar masa ba. Na ji murya ta ce, "Akwai." Tawa ce, ashe. "Dokta, ka tambaye ni ranar Juma'a. Akwai. Ƙanena. Da ɗan yayar mahaifiyata. Jini ne, ba zazzaɓi ba."

Waƙa ta mutu. Dokta Fishbein ya kalle ni ta saman tabarau, ya fara mayar da kaya cikin jaka ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ba na taɓa yaron nan sai an gwada jininsa. Gitel, wanda ya ce mu yi kaciya shi ne ya ce rai ke gaba da komai. Ko mutum ɗaya ne a dangi ya isa in tsaya. Da na yanka fa?"

Devora ta fito tana dafa bango. "Na tambaye ki, Mama. Na juyo na tambaye ki." Ta ƙara da cewa, "Ɗana ne fa. Ba hujjarki ba ce." Curtis ya zare yaron daga hannuna, ya bar ni riƙe da matashi.

Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye su, ba su tafi ba sai da suka cinye kifin tas.

Laraba, 13 ga Yuni

Devora ba ta ɗaga waya.

Juma'a, 15 ga Yuni

Sau bakwai na kira jiya. Yau na hana kaina, na ɗauki almakashi na rage labulen falo da ba abin da ya yi mini. Yanzu ya yi gajere.

Da azahar aka ƙwanƙwasa. Curtis. Na zaci faɗa ya kawo, har na gyara tsayuwa. Ya ce an ɗebi jinin yaron jiya, sakamako sai mako mai zuwa, za a gwada Devora ma, kuma likita ya ce a sanar da 'ya'yan Faigie. Na ce ya yi kuka? Ya ce, "Ya tsala ihu, irin naki." Ya ƙi shigowa. Har ya juya ya dawo. "Gitel, a gaban mutum arba'in kika faɗa. Ni da ban iya ba. Na gode."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 20 ga Yuni

Lafiya lau. Jininsa na daskarewa kamar na kowa.

Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka har na shaƙe. Bayan nan na ji haushi. Na tona asirin Mama, na kunyata kaina a gaban 'yan majami'a, na ɓata da 'yata, ashe da an yi da ba abin da zai faru. Na faɗa wa Faigie haka. Ta ce, "Kin so a ce yana da ciwon don ki fita kunya?" Tsohuwar nan ba ta da tausayi.

Alhamis, 21 ga Yuni

Devora ta turo saƙo: ki zo, ki taho da romo. Ba gaisuwa.

Ta rame. Ba ta rungume ni ba, amma ta shanye kwano biyu. Suna ce masa Morris tuni, ba tare da wani ya raɗa ba. Curtis ya zauna gabana, ya ce, "Ra'ayina bai canza ba, har gobe ina ganin jikinsa ne. Amma na yi wa Devora alkawari, ban janye ba. Tunda jinin lafiya, a sa rana." Devora ta ce, "Ke za ki kira Dokta Fishbein, Mama. Ni na gaji da ku."

Na ci nasara ke nan.

Ta shiga wanka, aka bar ni da canza masa ƙunzugu. Ban taɓa yi wa namiji ba. Ya harba ƙafa, ya tsula mini fitsari a hannun riga, ya kafe ni da ido. A dunduniyarsa akwai ɗan tabon allura, ƙanƙani, da ƙyar ake gani. Na daɗe ina kallonsa har ya fara atishawa don sanyi.

Lahadi, 24 ga Yuni

Juma'a Dokta Fishbein yana fama da marasa lafiya, bai dace in dame shi ba. Jiya Asabar. Yau kuma ai mutum yana da iyali.

Ba wai na bi bayan Curtis ba ne, Allah ya kiyaye. Alkawari alkawari ne, za a yi. Kawai dai yaron na ɗan mura, kuma zafi ya shigo, kuma tunda an riga an wuce kwana takwas, gaggawar me ake yi? Na ɗaga waya sau biyu, na danna lamba har ta ƙarshe, sai in ga kaina a bakin ƙofar nan da matashi a hannu, ana jira in miƙa shi.

Devora ta kira da yamma, ita da kanta. Ta ce Morris ya yi barcin awa huɗu a jere. Sai ta ce, "Kin samu likitan?"

Na ce layin ba ya shiga.

Ta ce, "To. Ki zo gobe ki riƙe shi in yi barci." Ba ta ce in sake gwadawa ba.