Birkin Motar Auta

Litinin, 6 ga Oktoba

Auta ta dawo da motarta gareji. Shekaranjiya na canza mata kalifa biyu na gaba, ƙarafan nan masu matse faifan taya. Da hannuna na yi, motar 'yata ba na barin kowa ya taɓa. Wai birki ya yi laushi, sai ƙafarta ta kai ƙasa kafin motar ta yi shawarar tsayawa. Na ce iska ce ta rage a layin man birki. Ta hau tana takawa, ni ina ƙasa ina sassauta notin fitar iska. Taka, riƙe, saki. Mai ya fito tas, ko kumfa ɗaya babu. Na ce ta tafi, zai kama a hanya.

Talata, 7 ga Oktoba

Bai kama ba.

Da safe a gangaren makarantar 'yan biyunta ta taka, mota ta ci gaba da tafiyarta. Birkin hannu ta ja. Saura taku biyu ta shige ƙarƙashin tirela, jikokina suna baya da jakunkunansu. Ta faɗa mini a waya muryarta ƙalau, kamar labarin wani take bayarwa. Ni ne na nemi benci na zauna. Na sa an jawo motar, makulli yana aljihuna. Na ji tsoro yau, irin wanda na daɗe ban ji ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na bi tiyo ɗaya bayan ɗaya, babu yoyo. Mai bai ragu ba. In ka taka sau uku a jere sai ya yi tauri, ka saki ka dawo ya koma lagwani. Wannan iska ce, ko a mafarki na sani. To ina ta ɓuya? Na zargi masta, tukunyar da ke tura mai, na sa sabuwa. Duk ɗaya.

Na je na sauke wa Gajere mai kayan gyara kwandon masifa, na ce jabu ya sayar mini. Ya ce, "Maigida, mu je in leƙa mana." Shi zai leƙa aikina! Ina riƙe da sifana tun ba a yaye shi ba.

A gida uwar yara ta ajiye mini abinci, ta ajiye tabarau a gefen kwano. Wanda Auta ta yanko mini bara. Na mayar da shi cikin durowa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Kwalbar mai ta huɗu. Har yanzu kamar ka taka soso.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Auta ta biyo daga asibiti da yamma, ko farar rigar aiki ba ta cire ba. Mijinta ya ce a kai motar wani garejin. Ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta faɗa. Na ce a ba ni yau kawai.

Muka sake. Taka, riƙe, saki. Can ta sauko, ta durƙusa kusa da ni da fitilar waya. Na ce za ta ɓata rigarta. Ta ƙura wa kalifar ido, sannan ta ce, "Baba, ba kai ka ce mini iska sama take hawa ba? Tun ina firamare. To me ya sa ƙofar fitarta take ƙasa?"

Na kai hannu na shafa. Notin yana ƙasa. Na zagaya ɗaya gefen, shi ma ƙasa. Ashe kalifar dama na ɗaura a hagu, ta hagu a dama. Suna shiga daidai, noti ya ɗauru, amma iskar ta taru a sama inda babu mafita, ko shekara za ka yi kana zubar da mai. Ta haska ta ce ga harafi an buga a jikin ƙarfen, mai nuna gefen kowanne. Na duba. Ni dai baƙin ƙarfe kawai na gani.

Shekara talatin da huɗu ina wannan sana'a. Da wani ne ya yi wa 'yata haka, da na ci mutuncinsa a gaban jama'a.

Muka juya su. Bugun farko kumfa ta yi ta fita fur-fur, birki ya tsaya tsam a sama. Ta ce, "Kowa na kuskure, Baba." Na ce ta miƙo mini sifana.

Asabar, 11 ga Oktoba

Sau biyar na sauka gangaren makarantar ni kaɗai kafin na ba ta makulli. Na biya wurin Gajere na gaishe shi. Gaisuwa kawai.

Motoci uku na yi wa birki a watan jiya. Na kira masu su, na ce su kawo a duba, sabon tsari ne na gareji.

Tabarau kuwa na sa, saboda tsatsa tana faɗa wa mutum a ido in yana ƙarƙashin mota, ba don komai ba. Na sake leƙa kalifar Auta. Harafin yana nan ɓaro-ɓaro, ya kai girman farcena.