Ranar da Kunnena Ya Yi Fari

Saskatoon, 19 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Mamuda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, kai da iyali. Na ji daɗi da ka ce ƙafar Inna ta yi sauƙi, Allah ya ƙara mata lafiya. Ni ma ina nan kalau, in ban da gajiya.

Ka tambaya ko na ajiye aikin kamar yadda na rantse. To, ranar Talata na rubuta takardar barin aikin na sa a aljihu. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina share ƙanƙara a kan motocin sayarwa, kuma sau uku Gord, manajanmu, yana tsallake ni ya ba yaran da na koya wa aiki kujera a ofis. Na ƙudura ranar zan miƙa masa.

Sai Talatar ta zo da sanyin da ban taɓa gani ba, arba'in da shida ƙasa da sifili. Mota ɗari da tamanin a fili, kusan rabi suka ƙi tashi, har da waɗanda muka jona wa wutar lantarki don ɗumama injinsu. Waɗanda suka tashi kuwa tayoyinsu sun daskare, suna tafe suna ɗingishi. Wayar wuta ta karye a hannuna kamar karan dawa. Mai saye ko ɗaya bai leƙo ba. Da hantsi na ɗaga kai, Yaya, wallahi rana uku na gani, babba a tsakiya, biyu a gefenta, zoben haske ya kewaye su. Na ture hula baya, na tsaya ina ta tasbihi, na manta da kaina.

Ban ji zuwan Gord ba. Shi irin wannan sanyi, ba ka jin sa'ad da yake cin namanka, sai wani ya gani ya faɗa maka, shi ya sa kowa ke duba fuskar ɗan'uwansa. Ya ce, "Sallau, tsohon banza, kana nan kana ƙirga rana, kunnenka ya yi fari fat." Ya zare safar hannunsa a cikin wannan masifa, ya rufe kunnena da tafinsa, ya ja ni a haka har ciki, yana zagina duk hanya. Ya kira sauran ma'aikatan, ya ce a bar motocin su mutu, ai ƙarfe ne. Likita ta ce da an ƙara jimawa, da sai an yanke kunnen. Yatsun Gord biyu kuwa sun yi bororo.

Ba na ce ya zama mutumin kirki ba ne. Kujerar har yau bai ba ni ba, kuma ban yafe ba. Amma takardar tana nan a aljihun rigar sanyina. Duk sa'ad da na sa hannu zan ciro ta, sai idona ya faɗa kan bandejin yatsunsa.

Ka gaishe min da Gwaggo Dije, da Kawu Tanimu, da Yaya Asabe da yara. Inna kuwa ka rage mata labarin, ka ce mata kunnuwana biyu cif.

Ƙaninka,
Sallau